Rajista Daban, Lasisi Daban: Kalmomin Izini a Turancin Hukuma

Mai sauraron labarai da Hausa ba ya wuni bai ji an ce "gwamnati ta amince" ba. Ta amince da kwangilar hanya, ta amince da sabon magani, ta amince da jami'a, ta amince da kamfanin da zai yi jigilar alhazai. Mai fassara a ɗakin labarai 'yan mintuna gare shi kafin a shiga iska, don haka ba a ga laifinsa ba. Amma in aka koma ga takardar da ya fassaro, sai a tarar ba kalma ɗaya ba ce a cikinta. A wata "approved" aka rubuta, a wata "licensed", a wata "registered", a wata "accredited", a wata kuma "authorized". Turanci ya tara kalmomin izini da yawa, kowace da nauyinta a gaban doka. Tunda kuwa da Turanci ake rubuta dokokin Najeriya da na Gana, da shi ake buga takardun banki da na asibiti da na makaranta, to ko Bahaushen da bai taɓa zama a aji ba, harkokinsa na rataye da waɗannan kalmomi. Mutane sun yi asarar dukiya, ɗalibai sun yi asarar shekaru, don kawai sun ɗauki wata a matsayin wata.

Yawan kalmomin daga tarihi ya samo asali. A 1066 Normandawa masu jin Faransanci suka ci Ingila da yaƙi, aka shafe ɗaruruwan shekaru fada da kotuna na aiki da Faransanci da Latin, talaka kuma na ta Turancinsa a gona da kasuwa. A 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa magana da Turanci a gaban alƙali, amma rubuta bayanan kotu da shi bai zama dole ba sai a 1733. Kafin nan harshen ya riga ya haɗiye kalmomin baƙin. Shi ya sa tsofaffin kalmomi irin su "let" da "leave" da "lawful" ke zaman tare da na aro irin su "permit" da "licence" da "legal". Lauyoyi ba su yar da ko ɗaya ba, kowace sun ba ta aikinta. Wannan "leave" ɗin ma kanta tana rikita masu koyo, domin sun saba da ita a ma'anar tafiya. A takardun shige da fice na Birtaniya, wanda aka ba "indefinite leave to remain" izinin zama na dindindin ya samu. A kotu kuma "leave to appeal" izinin ɗaukaka ƙara ne.

Tazarar da ta fi cin mutane ita ce wadda ke tsakanin "registered" da "licensed". Asalin "register" littafi ne da ake shigar da sunaye. In aka ce kamfani ya yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da aka kafa a 1990, ana nufin an shigar da sunansa da adireshinsa da sunayen daraktocinsa, an ba shi lamba. Daga nan yana iya buɗe asusu a banki, yana iya kai ƙara, ana iya kai shi. Iyakarta ke nan. CAC ba ta leƙa ɗakin ajiyarsa ta ga ko da kaya ba, ba ta kuma ce masu shi amintattu ne ba. Lasisi kuwa yana zuwa ne a inda doka ta rufe wa kowa ƙofa, ta ce ba mai shiga wannan sana'a sai wanda hukuma kaza ta buɗe wa. Karɓar ajiyar kuɗin jama'a na cikin irin waɗannan sana'o'i, kuma makullin yana hannun Babban Banki. Inshora tana hannun NAICOM, hukumar kula da kamfanonin inshora. Tara kuɗin mutane da sunan zuba jari yana hannun SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari.

'Yan damfara sun san wannan bambanci fiye da waɗanda suke cuta. Shi ya sa abu na farko da mai "sa dubu ɗari ka kwashi dubu ɗari biyu" zai nuna maka shi ne takardar CAC, a cikin gilashi, a rataye a bango, da tambarin gwamnatin tarayya raɗau a samanta. Takardar ta gaske ce, ba jabu ba ce, kuma a nan gizo ke saƙa, domin ko ka je ka bincika lambar za ka same ta. Abin da ba ta ƙunsa ba shi ne izinin karɓar kuɗinka. MMM, wani shirin ninka kuɗi irin wannan, ya rufe asusun mutane a Disambar 2016, aka yi kuka, aka ce an ji jiki. Da CBEX, wani makamancinsa, ya rushe a Afrilun 2025, SEC ta fito ta ce ba shi da rajista da ita. An kuma yi ta yaɗa wata takarda ta SCUML, sashen EFCC mai sa ido kan safarar kuɗin haram, ana cewa ai EFCC ma ta san da su, har sai da hukumar ta bayyana cewa wannan takarda rajista ce da doka ta ɗora wa wasu nau'o'in kasuwanci, ba wanke kowa take yi ba. Abin takaici shi ne mafi yawan waɗanda kuɗinsu ya salwanta ba sakarkaru ba ne. Sun nemi takarda, an nuna musu. Ba wanda ya taɓa koya musu su tambayi ko takardar mene ce.

Sai dai kada a ɗauka "registered" kullum mara nauyi ce. Ita SEC ɗin da wannan kalma take aiki: dillalin hannun jari na ƙwarai shi ne "registered with SEC", kuma kafin ya samu sai an binciki jarinsa da ma'aikatansa. Ma'aikaciyar jinya da ake kira "registered nurse" sai da ta ci jarrabawar majalisar sana'arta. Likita yana rajista da MDCN, majalisar kula da aikin likitoci, sau ɗaya, sannan ya riƙa sabunta lasisin aiki duk shekara, don haka yana yiwuwa sunansa na cikin littafi alhali lasisinsa ya ƙare. Ke nan kalmar ita kaɗai ba ta isa amsa ba. Sai an ji da wa aka yi rajistar, kuma me aka duba kafin a rubuta sunan.

Lasisi kuma yana da hurumi, kuma yana mutuwa. Mai kemis na unguwa, in yana da takarda, lasisin da ake kira PPMV gare shi, wanda ya ba shi damar sayar da magungunan da ke cikin wani jeri da hukumar harhaɗa magunguna ta fitar, irin waɗanda ba sai da takardar likita ba. Bai ba shi damar yin allura ko ƙarin ruwa ba, balle ya kwantar da mara lafiya a bayan kanti. In ya ce maka yana da lasisi gaskiya ya faɗa, amma aikin da yake yi maka na iya zama a wajen huruminsa. Haka bankin "microfinance" mai lasisin jiha ba shi da ikon buɗe reshe a wata jihar. Game da mutuwar lasisi kuwa, Turanci ya raba: "expired" wa'adi ne ya cika, "suspended" an dakatar na ɗan lokaci, "revoked" an soke gaba ɗaya. A Maris 2024 Babban Banki ya soke lasisin 'yan canji 4,173 a rana ɗaya. A Yunin wannan shekarar ya soke na bankin Heritage, kuma a lokacin ne masu ajiya suka ga amfanin lasisi a aikace, domin NDIC, hukumar inshorar kuɗin ajiya a bankuna, ta biya kowa har zuwa naira miliyan 5, abin da wanda ya kai kuɗinsa kamfani mai takardar CAC kaɗai ba zai taɓa samu ba. A rubutu, Turancin Ingila da muka gada yana sa "licence" ga takardar, "license" ga aikin bayar da ita, Amurkawa kuma "license" suke rubutawa duka biyun.

"Permit" 'yar'uwar lasisi ce, amma galibi ta fi shi gajeren zango. Akan ba da ita don aiki guda ko lokaci ƙayyadadde: izinin gina gida a fili kaza, izinin zaman baƙo na shekara, takardar mai koyon tuƙi kafin ya samu lasisin kansa.

A fannin magani ne wannan magana ta fi damuna, don a nan rai ake sa wa a gaba. Tun da aka kafa NAFDAC a 1993, musamman bayan zamanin Dora Akunyili, lambar hukumar ta zama abin da mai saye ke dubawa a kwalba, kuma hakan ci gaba ne. Amma lambar iri biyu ce. Maganin da aka yi wa cikakkiyar rajista an duba ingancinsa da lafiyar shansa da kuma ko yana aikin da aka ce yana yi. Mafi yawan magungunan gargajiya da ke kwalabe kuwa "listed" ne, lambarsu na ƙarewa da harafin L. Ma'anarsa an gwada an ga ba guba ba ne, an ba shi izinin shiga kasuwa na ɗan lokaci. Ba a tabbatar yana warkar da komai ba. Shi ya sa doka ta tilasta a rubuta a jikinsu cewa NAFDAC ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba, amma da ƙananan baƙaƙe ake rubutawa, da Turanci. Mai talla da lasifika a tasha kuwa cewa yake "NAFDAC ta amince da shi", ya jero basir da sanyi da ciwon suga da hawan jini. Mai ciwon suga da ya ajiye maganin asibiti ya koma wa wannan kwalba saboda jin sunan hukuma, kalma ɗaya ce ta yaudare shi.

Amurka ma ba ta tsira ba. Hukumarsu ta FDA, mai kula da abinci da magunguna, tana da matakai da 'yan kasuwa ke cakuɗawa da gangan. "FDA approved" na magani ne ko na'ura mai haɗari da aka yi wa gwaji mai zurfi. "FDA cleared" na na'urar da aka nuna ta yi daidai da wata da ke kasuwa tun da. "FDA registered" kuwa masana'antar ce kawai ta shigar da sunanta. Ƙwayoyin ƙarin kuzari da na rage ƙiba da ake tallatawa a Facebook, dokar Amurka ta 1994 ba ta sa FDA ta amince da su kafin su shiga kasuwa ba, don haka duk wanda ya ce nasa "FDA approved" ne, a yi hattara da shi. Lokacin korona ma duniya ta ga bambancin "authorized" da "approved": allurar Pfizer ta samu izinin gaggawa a Disambar 2020, cikakkiyar amincewa kuwa sai a Agustan 2021.

"Approved" a bakin gwamnati kalma ce mai daɗin ji, kuma sau da yawa farkon tafiya ce. In Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da biliyan kaza don hanya, ba a ce kuɗin sun fita ba. Akwai sa su a kasafi, akwai sakin su daga baitulmali, akwai biyan ɗan kwangila, kuma a kowane mataki aiki na iya maƙalewa. Majalisar dokokin Amurka ta ba matakan suna daban don kada a ruɗe: "authorization" dokar da ta ce a yi abu, "appropriation" dokar da ta ware masa kuɗi. Babban Bankin Najeriya kuma yakan fara ba mai son buɗe banki "approval in principle", wato an yarda ya je ya cika sharuɗɗa, amma bai isa ya karɓi ko kwabo daga hannun jama'a ba sai lasisi ya fito. Haka ƙudirin da majalisa ta zartar bai zama doka ba sai ya samu "assent" na shugaban ƙasa, wanda sashe na 58 na tsarin mulkin 1999 ya ba kwana 30, ko kuma majalisun biyu su sake zartar da shi da kashi biyu cikin uku. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ma sa hannu daban, "ratification" daban, sannan sashe na 12 ya ce ba ta aiki a cikin gida sai majalisa ta mayar da ita doka.

Iyaye masu biyan kuɗin makaranta su ne suka fi bukatar sanin "accredited". Tushenta yarda ce, wato wani mai faɗa a ji ya duba ka ya ce a yarda da kai. Jami'a na iya samun lasisin gwamnati, sashen da ɗanka ke karatu ya zama NUC, hukumar kula da jami'o'i, ta amince a buɗe shi, amma tantancewar kwas ɗin wani abu ne da ake zuwa a yi daga baya, a duba malamai da ɗakin karatu da kayan gwaji. Sakamakon kan fito iri uku: "full", ko "interim", ko "denied". Ga kwasa-kwasan sana'a akwai tantancewa ta biyu daga masu sana'ar, MDCN ga likitanci, COREN ga injiniyanci, majalisar ilimin shari'a ga lauyoyi. Ɗalibin da ya gama digirin shari'a a inda wannan majalisa ba ta tantance ba, ƙofar makarantar horar da lauyoyi a rufe zai same ta, alhali jami'arsa halattacciya ce. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin makonni shida, kuma a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo. Waɗanda suka yi karatun gaske a can su ma abin ya shafe su.

Kalmar ta shiga zaɓe ma. Mai rajista shi ne wanda sunansa ke littafin INEC, wanda aka tantance kuwa shi ne ya zo rumfa ranar zaɓe na'urar BVAS ta shaida shi. A 2023 masu rajista sun haura miliyan 93, waɗanda aka tantance kuwa wajen miliyan 25 ne. Dokar zaɓe ta 2022 ta ce aringizon ƙuri'a shi ne ƙuri'u su fi yawan waɗanda aka tantance, alhali a da da yawan masu rajista ake aunawa. Canza wannan kalma guda ya toshe wata babbar kafa ta maguɗi.

"Certified" shaida ce a kan abu takamaimai, kuma ba ta wuce abin. "Certified true copy" na nufin kwafin ya yi daidai da na asali, ba ta ce abin da aka rubuta a na asalin gaskiya ne ba. Takardar fili da kowa ke kira C of O ma haka take. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, shi ke ba da haƙƙin zama, takardar kuma shaidar wannan haƙƙi ce. Kotun Ƙoli ta nuna a shari'ar Ogunleye da Oni a 1990 cewa in wani ya zo da haƙƙin da ya riga naka kuma ya fi shi ƙarfi, takardarka ba za ta cece ka ba. Akwai kuma "consent", yardar gwamna kafin a sayar da fili ko a jinginar da shi. A shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989 an rushe jingina sukutum saboda ba a nemi wannan yarda ba.

"Authorized" ta bambanta da sauran domin ita maganar wakilci take yi. Mai iko ne ya ɗiba daga ikonsa ya ba wani ya yi aiki da sunansa. Kowa ya san wakilin ango a wajen ɗaurin aure: karɓarsa karɓar ango ce, amma wakilcin bai ba shi damar sayar da gonar angon ba. Haka "authorized signatory" yake a asusun kamfani, haka "authorized dealer" na kamfanin waya ko mota. Littafin tarihin mutum in aka ce "authorized biography" ne, da yardar mai tarihin aka rubuta, wanda hakan kan sa marubuci ya samu takardu da yawa amma ya kauce wa wasu wurare. Tambayar da ta dace da wannan kalma kullum ita ce wa ya wakilta shi, kuma shi mai wakiltawar yana da ikon da ya bayar?

Inda ta fi zafi a yau shi ne banki. In ɓarawo ya shiga asusunka ya kwashe kuɗi ba da saninka ba, wannan "unauthorized transaction" ce, kuma kana da bakin magana. In kuwa wani ya kira ka ya yi maka daɗin baki, kai da hannunka ka tura masa, banki zai ce "authorized" ce, domin kai ka ba da umarni, ko da yaudararka aka yi. Kuɗi ɗaya, asara ɗaya, amma hukunci biyu. Birtaniya ta ga wannan rashin adalci ya yi yawa, daga Oktoban 2024 ta tilasta wa bankuna mayar wa irin waɗannan mutane kuɗinsu har zuwa fam 85,000. A ganina wannan gyara ne da ya kamata masu tsara dokokin banki a ƙasashenmu su duba da gaske, ganin yadda tura kuɗi ta waya ya kai har ƙauyukan da ba a karanta saƙon banki.

"Sanction" ita ce mai fuska biyu: tana nufin amincewa, tana nufin takunkumi. Asalinta a Latin doka ce da aka tsarkake aka ɗaura mata hukunci, sai ɓangare ɗaya ya zama izinin mai doka, ɗayan ya zama horon mai saɓa mata. Mutanen Maraɗi da Katsina sun san fuska ta biyu a jikinsu, tun da ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarki, har aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. In ka ga "sanctions" da jam'i, ko "impose sanctions on", takunkumi ne. In ka ga "state-sanctioned", da yardar gwamnati aka yi. "Sanctioned" ita kaɗai sai an karanta abin da ke kewaye da ita.

Sai uku da kan zo wa mai fassara a matsayin "halal": "legal" da "lawful" da "legitimate". Biyun farko kusan ɗaya suke, abin da doka ta yarda da shi ko ba ta hana ba. "Legal tender" kuɗin da doka ta ce a karɓa ne, kuma kowa ya tuna wahalar canjin kuɗi, lokacin da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1,000 na nan da ƙarfinsu. Ina ganin ya kamata a yi taka-tsantsan wajen fassara waɗannan da "halatta", domin kunnen Bahaushe in ya ji halas, addini yake ji. Kuɗin ruwa "legal" ne a dokar banki, wannan bai mayar da shi halas a fiƙihu ba. "Doka ta ba da dama" ya fi fitar da ma'anar ba tare da ruɗani ba.

"Legitimate" kuwa ta wuce takarda, tana tambayar ko mai ba da izinin ya cancanci bayarwa, ko jama'a sun yarda da shi. Wariyar launin fata a Afirka ta Kudu daga 1948 da dokoki aka gina ta, majalisa ta zartar, kotu ta yi aiki da su. A 1886 gwamnatin Sarauniya Victoria ta ba kamfanin George Goldie "charter", ya zama Royal Niger Company, da izinin mulki da karɓar haraji a ƙasar da ba ta Sarauniyar ba ce. A ranar 1 ga Janairun 1900 aka karɓe izinin, Lugard ya ɗaga tuta a Lakwaja. A gabashin Najeriya Turawa sun naɗa "warrant chiefs", sarakunan da takarda ce kaɗai sarautarsu, a garuruwan da ba su san irin wannan sarauta ba, kuma boren mata na 1929 a yankin Aba a kansu ya fi sauka. Duk waɗannan suna da izini a rubuce.

Akwai kuma inda neman izinin shi kansa kuskure ne. Dokar Ingila da muka gada ta tsaya kan ƙa'ida mai ɓangare biyu: talaka yana iya yin duk abin da doka ba ta hana ba, hukuma kuwa ba ta iya yin komai sai abin da doka ta ba ta iko. An kafa wannan tun 1765 a shari'ar Entick da Carrington, lokacin da manzannin sarki suka fasa gidan wani marubuci da takardar umarni daga wani minista, alƙali Camden ya ce ba dokar da ta ba ministan wannan iko, don haka shigarsu ƙetare haddi ce. Aikin hukuma da ya wuce huruminta lauyoyi na kiransa "ultra vires", kuma kotu na iya rushe shi. Mu kuwa shekarun mulkin soja sun juya mana ƙa'idar, har muka saba da tunanin cewa komai haramun ne sai an ba mu takarda.

A Satumbar 2003 'yan sanda suka tarwatsa gangamin jam'iyyar ANPP a Kano da barkonon tsohuwa, hujjarsu ita ce ba a karɓi "police permit" ba kamar yadda dokar zaman lafiyar jama'a ta tanada. ANPP da wasu jam'iyyu suka kai ƙara. Babbar Kotun Tarayya ta ba su gaskiya a 2005, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar a 2007: taron lumana haƙƙi ne da tsarin mulki ya bayar, ba alfarma ba ce da kwamishinan 'yan sanda zai bayar ko ya hana. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta bi wannan layi, kalmar da ta yi amfani da ita ita ce "notify". Masu shirya taro su sanar, aikin 'yan sanda kuma shi ne su turo jami'an da za su ba taron tsaro. Duk da haka har yau akan ji sanarwar rundunar jiha cewa ba ta ba kowa izinin zanga-zanga ba, a fassara ta haka a rediyo, mutane su koma gida.